Ni na ƙera marin da aka ɗaure Yayana da shi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wannan labarin na daɗe ina ɗauke dashi a ciki, ko matata sai bara na iya zaunar da ita na gaya mata shi tun daga tushe, to yau dai nace bari in rubuta ko Allah zai sa ya amfani wani, don na san ba gidanmu kaɗai bane yake da ɗakin da ba a son baƙo ya leƙa.

Ni mai walda ne, haifaffen Sabon Zango a Ankara ta Gana, wato Akara. Shagona ba nisa da Abosokai inda ake saida kayan gyaran mota. Get, taga, gadon ƙarfe, kejin kaji, duk abinda aka kawo muna yi. Wanda ya koya min sana'ar Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ya girme ni da shekara bakwai. Mutum ne mai tsanani wajen aiki, in na gama walda sai ya ɗauki ƙaramar guduma ya kakkaɓe ƙazantar saman, ya tsuguna ya ƙura ido, in ya ga rami ko ɗaya ne sai yace sake, wai walda mai kyau jere take fitowa kamar ɓawon kifi. Sau nawa na yi kuka a bayan shago saboda kalmar nan ta sake.

A 2008 ya bi samarin zango ya tafi Libiya ta Agadas. Yana aiko da kuɗi, har kwanon gidanmu ya canza. Sai yaƙin 2011 ya tashi, kun dai san yadda aka riƙa kama baƙaƙen fata ana cewa sojan haya ne. Ya dawo mana da ransa Alhamdulillahi, amma shiru shiru. Abinda kawai muka ji daga bakin wani da suka dawo tare shine an kulle su a wani ɗaki su da yawa, ba a san dare ba a san rana. Shi kam har yau bai taɓa buɗe baki a kan maganar ba. Kamar shekara biyu yana zuwa shago yana aiki, daga baya barci ya ƙaurace masa, sai surutu shi kaɗai, sai in mota ta tsaya a ƙofar gida ya shige ƙarƙashin gado. Kowa da abinda yake faɗa, wannan yace aljanu ne, wancan yace sammu ne don ya fara samu, wani yace ai tramol ne alhali ko sigari Yaya bai taɓa sha ba. An yi ruƙiyya, an sha rubutu, an yi hayaƙi, mun kai shi wajen wani mai magani a can wani ƙauye ya yi wata huɗu ya dawo da tabon bulala a baya, kuɗi sun ƙare ba sauƙi.

Ranar da abin ya kai maƙura, cikin dare ya farka yana ihu, Mma, mahaifiyarmu, ta je ta riƙe shi, ya hankaɗe ta ta faɗa kan turmi hannunta ya karye. Wallahi na san bai san ita ba ce. Washegari Kawu ya tara mu yace ba yadda za a yi, sai an sa shi a mari, in ba haka ba wata rana gawa za a ɗauka a gidan nan, kuma tunda ga maƙeri a gida ba sai an je an tona asiri a kasuwa ba. Shekarar 2015 ce, lokacin da dumso, wato ɗauke wutar lantarki, ya yi tsanani, ba wuta a shago, na tada janareta da daddare bayan yara sun tashi na lanƙwasa ƙarfe na yi zobe, na yi masa kunne biyu na sa kwaɗo, na haɗa da sarƙa mai tsawon ƙafa shida, na fasa sumuntin ɗakin baya na dasa rodi. Da hannuna na sa masa yana barcin maganin da aka bashi. Bayan sati biyu ƙarfen ya fara cin idon sawunsa, sai na yanko tsohon tub na taya na naɗe zoben ta ciki, na zauna ina jin wai na kyauta masa.

Shekara uku. Ana miƙa abinci, ana fitar da bokiti, ana wanke shi in ya yarda. Da farko ina shiga kullum, daga baya sati sati, daga baya sai in tsaya a bakin ƙofa in ce Yaya ya jiki in wuce ban jira amsa ba. Na yi aure a cikin shekarun nan, an yi biki a tsakar gida, an rufe tagar ɗakin da tabarma.

To a 2018, wajen watan Yuli, wani mutum ya zo shago da takarda a hannu. Siriri, kai a aske, ɗan ƙabilar Ewe ne daga ɓangaren Anlo can bakin teku wajen Keta, mu a zango Ayigbe muke ce musu duk da dai da yawansu basa son sunan. Efo nake kiransa, haka suke kiran namiji da girmamawa, kamar ka ce yaya. Yace ya yi karatun zane a Tek, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, yana son in yi masa keji ƙafa huɗu ta kowane gefe, gefe uku da sama rodi, gefe ɗaya a bar shi a buɗe. Nace na kare ne ko na biri? Yace nawa ne, ni zan shiga. Na ɗauka wasa yake, sai ya zaro waya ya fara nuna min hotuna. Wani ɗan Taiwan, Tehching Hsieh, da ya kulle kansa cikin kejin katako a Niyok shekara guda cur, daga Satumbar 1978 zuwa Satumbar 1979, ba magana ba karatu ba rubutu ba rediyo, abokinsa ne kawai ke kawo abinci yana fitar da bokiti. Da wani Ba'amurke, Chris Burden, da ya shiga ƙaramar lokar ɗalibai a 1971 ya kwana biyar a dunƙule. Da wata mata Marina Abramović da ta zauna kan kujera a wani gidan adana zane a Niyok a 2010, sama da awa 700 in an haɗa, duk wanda ya zo ya zauna gabanta su kalli juna kawai. Yace fafomans ake ce masa, jikin mutum ne allon, lokaci da wahala sune fentin.

Nace oho, kamar 'yan tauri kenan ko sharon Fulani. Ya girgiza kai yace ɗan tauri yana nuna wa mutane wuƙa bata cinsa, mai sharo yana nuna bulala bata sa shi motsi, shi kuma so yake a ga tana ci, a tsaya a kalla kar a kauda kai.

Gaskiya a lokacin kuɗin na gani. Muka yi ciniki, naje na sayo rodi da angil na fara aiki. Sai da ya dawo ganin aiki ne yace akwai saura, yana son zobe na ƙafa da sarƙa da kwaɗo. Gabana ya faɗi amma ban nuna ba. Ban ɗauki tef ba, na kalli ƙafarsa kawai na yanka ƙarfe, na lanƙwasa, na fitar da kunnuwan, kafin ya gama cin waken da ya saya na gama, ban ma san lokacin da hannuna ya kai kan tsohon tub ba na yanko na fara naɗewa ta ciki. Ya ajiye cokali yana kallona. Ya sa a ƙafa, cif cif kamar an auna. Yace masta, me yasa ka sa roba? Nace don kar ya ci maka fata. Yace ban gaya maka ba ai. Ya yi shiru can sai yace, wa ka taɓa ɗaurewa?

Nace ba kowa, aikin shanu muke yi wani lokaci. Ƙarya na yi masa kuma ya san ƙarya ce. Bai matsa ba, ya dai ce in cire robar, shi lokacin da aka ɗaure shi ba wanda ya sa masa roba. A nan ya ɗage ƙafar wando ya nuna min wani baƙin tabo da ya zagaye idon sawunsa na hagu, irin wanda na sani sarai. Yana ɗan shekara 17 kansa ya taɓu bayan rasuwar mahaifiyarsa, dangi suka kai shi wani sansanin addu'a a daji, aka ɗaure shi jikin bishiya wata bakwai, rana a kansa ruwa a kansa, ana sa shi azumin dole na kwana da kwanaki wai a kori shaiɗan. Gwaggonsa ce, ƙanwar babansa, su tasi suke cewa, ta zo daga wajen Anloga ta zauna a ƙofar wurin ta ƙi tafiya sai da aka kwance mata shi.

Gefen da yace in bari a buɗe kuwa, katangar laka za a gina a wurin, kuma a nan ya bani labarin da duk ɗan Ewe ya tashi da shi. Kakanninsu sun zauna a garin Notse, yana cikin Togo yanzu, gari mai ganuwa, har yau akwai burbushinta. Aka yi wani sarki Agokoli mai mugunta, ba fita ba shiga. Sai aka shirya da mata, duk wadda ta yi wanki ko wanke-wanke ta je ta zubar da ruwan a wuri ɗaya jikin ganuwar, yau da gobe har ƙasar ta jiƙa ta yi laushi, suka ture ta cikin dare suka fice, suna tafiya da baya da baya don in an bi sawu a ɗauka shigowa aka yi. Shine bikin Hogbetsotso da Anlo suke yi a Anloga duk Asabar ta farkon Nuwamba. Yace shi zai shiga kejin a toshe da laka, duk wanda ya zo kallo a bashi ƙaramar ƙwarya ɗaya ta ruwa, in ya ga dama ya zuba a gindin katangar in bai ga dama ba ya wuce, shi dai ba zai fito ba sai ta faɗi. Kuma yana son ni in riƙe makullin kwaɗon, in zauna kusa da giranda ko da wani abu zai faru.

An yi abin ne a watan Agusta lokacin Chale Wote, bikin zane-zanen titi da aka fara a unguwar Jemstawun ta Ankara a 2011, a farfajiyar wani tsohon gida, in ka fito ƙofa kana hango Jems Fot, kurkukun da Turawan Ingila suka tsare Nkrumah daga 1950 zuwa farkon 1951, wanda ba a daina zuba fursunoni a ciki ba sai 2008. Mun kai kejin a aboboya, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, an riga an gina katangar ta bushe ƙam, kaurinta ya kai ƙafa ɗaya, don haka ta sama muka zura shi na ɗaure murfin da noti. An shimfiɗa ɓawon ƙwarar manja a ƙasa, masu kaifin nan. Daga shi sai ɗan gajeren wando, an shafe masa jiki da farar ƙasa. Ba zai iya miƙewa ba, ba zai iya miƙe ƙafa ya kwanta ba. Kafin a fara gwaggon tasa ta zuba ruwan gari a ƙasa tana kiran kakanninsu, ni dai na ja gefe na basu wuri, don ni Musulmi ne kuma wannan ba hanyata ba ce, ban ɓoye musu ba su ma basu ji haushi ba. Da ta gama na zura hannu ta rodi na datse kwaɗon. Ƙarfe goma na safiyar Asabar.

Jama'a kala kala. Akwai masu dariya, akwai 'yan mata masu ɗaukan selfi da shi a bayansu, Turawa da manyan kamarori suna tsugunne. Wani ƙato ya karɓi ƙwaryar ya shanye ruwan yace mahaukaci ne a bar shi a ciki. Yara suna tsokanarsa da tsinke sai da na kore su. Shi ko uffan, in gwiwa ta gaji ya koma kan ɗuwawu, in nan ya gaji ya dunƙule ta gefe, duk inda ya juya ɓawon nan ya shige masa, kafin la'asar farar ƙasar gwiwarsa ta koma ja. Wata mai saida kifi, 'yar ƙabilar Ga ce, ta zuba nata ta tafi, can ta dawo ta sake bin layi, aka ce mata ɗaya ake yi tace to a hana ta mana, sau biyar na ƙirga ta ranar. Wata tsohuwa kuma da aka bata ƙwaryar bata je wajen katangar ba sam, ta zagayo ta zura hannu ta zuba masa a ƙafar da ke cikin zoben, tana magana ƙasa ƙasa.

Da magariba katangar ko gezau, ɗan gindin ne kawai ya yi duhu. Naje na yi sallah na dawo, mutane suka watse, kiɗan titi ya mutu wajen ƙarfe biyu, ya rage daga ni sai gwaggo sai yaron da ke riƙe da kamara yana gyangyaɗi, da wata nas ƙawarsa da take leƙowa tana duba shi. Iskar teku ta taso da sanyin nan na Agusta. A nan ne abin ya same ni. Ya motsa ƙafa sarƙar ta ja ƙasa, kacau, ta yi shiru, ta sake, kacau. Ga warin bokitin fitsari ya haɗu da na tsatsa da zufa. Wallahi tallahi ɗakin bayan gidanmu ne sak. Shekara uku ina jin ƙarar nan ta bango kullum dare, na koya wa kunnena ya daina ji, in ta dame ni in ƙara fanka. Yanzu ga ni zaune taku uku da ita an biya ni kuɗi in kalla, ba inda zan juya. Na kalli mutumin nan da ya shiga da ƙafarsa, ya san gobe ko jibi zai fito, ga mai makulli a gefensa ga nas ga gwaggonsa, awa 16 kacal amma har jikinsa na rawa haƙoransa na haɗuwa. Na fara lissafin kwanakin shekara uku a kai na kasa gamawa, sai ji na yi hawaye na zuba kan giranda.

Gwaggon ta matso da kujerarta. Tana jin Hausa kaɗan kaɗan, ta yi kasuwanci a Aflawo tare da matan zango. Tace ɗana, naka yana ina? Bata ce wa ba, bata ce me ba. Nace yana gida. Na gaya mata komai, har hannun Mma, har robar. Bata zage ni ba kuma bata ce min ba komai ba. Tace babaa, wato sannu a yarensu, ta maimaita kusan sau uku. Sai tace min su a wajensu abinda aka riƙe a ciki ba a faɗa ba yana zama ciwo, ga mutum ga gida ga gari, shi yasa kafin Hogbetsotso sai an yi abinda suke kira nugbidodo, manya da sarakuna su taru kowa ya fito da abinda ke ransa a fili a sasanta sannan a yayyafa ruwan ganye. Tace ranar da ta kwanto yaron nan bata fara da wanka ba, zaunar da shi ta yi ta tara waɗanda suka kai shi tace ya faɗi duk abinda ya ga dama, ya zagi babansa ya zagi kowa har ita, ba wanda aka bari ya amsa. Ta tambaye ni, da kuka sa shi a ciki, wace rana kuka sa za ku fito da shi? Ban da amsa. Mun yi shawarar ɗaurewa har da Kawu da liman, amma ba wanda ya taɓa kawo maganar kwancewa, ni da na ƙera marin ma sai da na yi tunani kafin in tuna inda na ajiye makullin.

Ranar Lahadi mutane suka fi yawa, labari ya zaga, masu kifin nan suka zo da ƙawayensu, layi har waje. Wajen azahar gindin katangar ya zama taɓo, ana zubawa yana zaizayewa. Ƙarfe biyar da wani abu na yamma ya juya da ƙyar ya jingina baya da rodi ya sa ƙafar dama ya tura, bata tafi ba, ya huta ya sake, a na huɗu ta tsage ta kife waje. Wurin ya ɗauki ihu da guɗa, wasu suka fara tafin agbadza, rawar 'yan Ewe. Ni na rarrafa cikin taɓon da makulli, hannuna na karkarwa sau biyu yana faɗuwa. Da na buɗe zoben fatar ta biyo ƙarfen, daidai kan tsohon tabon. Awa 31. Bai iya tsayawa ba sai da mutum biyu suka riƙe shi, a haka ya fita da baya da baya har tsakiyar fili inda aka ajiye kujera 'yar tsuguno.

Wankan ne ba zan manta ba. Babban baho da ruwan ganye, amatsi suke ce masa, na gane ganyen aduruku a ciki da ɗoɗɗoya da wani mai yaɗo da Ankarawa ke kira nyanyara, kamar garafuninmu. Kafin ta taɓa shi ta bashi ruwa a ƙwarya ya guntsa ya fesar, sannan ya yi magana da yarensu, karon farko tun jiya, murya a dishe, ya daɗe yana yi yana kuka, ban ji ko kalma ɗaya ba amma 'yan Ewe da ke wurin duk sun sunkuyar da kai. Sai ta fara daga kai, tana ɗebo ruwan da damin ganye tana goga masa a hankali, farar ƙasa da jini da laka suna gangarowa, duk inda ta zo kan rauni sai ta tsaya tace babaa. Ta zauna a ƙasa ta ɗora ƙafar a cinyarta ta tsince ɓawon ɗaya bayan ɗaya. Ta ɗaura masa farin ƙyalle, ta bashi koko mai ɗumi a baki. Ni abinda ya faɗo min a rai wankan jegon da Mma ta yi wa matata ne, kwana arba'in da tafasasshen ruwa da ganyen darbejiya, mu ma mun san wannan ai, mun san wanda ya fito daga wahala ana karɓarsa da ruwa da hannu. Har yau ban yarda da abinda suke kira ba in suna zuba ruwan gari a ƙasa, kuma akwai waɗanda suka ce min a zango me ya kai ka wurin tsafi, ban yi musu da su ba. Amma abinda tsohuwar nan ta yi da hannunta na gani da idona, kuma a gidanmu mu masu sallah biyar ba wanda ya yi wa Yaya shi.

Ban jira an kwance kejin ba. Na isa gida bayan isha'i, na zazzage akwatin kayan aiki ban ga makulli ba, na ɗauko giranda. Mma ta tare ni a tsakar gida tana kuka tace kai Malam so kake ya kashe ni? Nace Mma ni zan kwana a ɗakin, in zai kashe wani ni ne. Ban ga laifinta ba, har yau hannun nan baya ɗaga bokiti. Na shiga na kunna fitila. Ya rame, gemu ya cukurkuɗe, robar da na sa ta daɗe da ruɓewa ban sani ba. Nace Yaya zan yanke, kar ka ji tsoron ƙarar. Na sa jiƙaƙƙen tsumma tsakanin ƙarfen da fatarsa na yanke kunnen kwaɗon. Bai motsa ba. Ya ɗauki zoben ya juya shi a hasken fitila, ya kai kusa da ido yana bin layin waldar da babban yatsa, can yace ba rami. Sai ya ɗago yace kai ka yi ko? Nace ni ne Yaya. Nace ka faɗi duk abinda ke ranka ba zan amsa ba. Bai ce komai ba daren nan. Na dafa ruwa na wanke shi, na aske shi, na shafa man kaɗanya a ƙafar, ina ta sannu Yaya sannu Yaya kamar wanda bai san wata kalma ba.

Ƙofar a buɗe take amma kwana tara bai fito ba, iyakarsa inda sarƙar take kaiwa da, ƙafa shida, sai ya tsaya ya koma. Maganar kuwa sai a dare na huɗu ta zo, kuma ba ta Libiya ba ce, tamu ce. Ya lissafa min ranar bikina, yace yana jin kiɗa yana jin muryata, ya jira ko za a kawo masa ko goro ne. Ya lissafa ranar Sallah uku. Ya faɗi abubuwan da ba zan rubuta ba. Na zauna na ji har asuba.

Nas ɗin nan ƙawar Efo ita ta haɗa mu da asibitin ƙwaƙwalwa, a Gana manyan guda uku ne, na cikin Ankara da Pantan da Ankaful, duk a kudu. A can ne ma na fara jin cewa tun 2012 akwai dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma a 2017 hukuma ta hana ɗaure marasa lafiya da sarƙa, mu muna zaune a tsakiyar birni bamu taɓa ji ba. Likita yace ciwo ne da ake samun sauƙinsa, aka sa shi kan allura duk wata da ƙwayoyi. Ba zan ce muku ya warke sarai ba. A 2020 lokacin kulle na korona ya sake rikicewa, ya fasa taga, Kawu ya aiko yace a maida shi, nace sai dai a nemi wani maƙerin kuma ba a gidan nan ba, muka riƙe shi mu huɗu muka kai shi asibiti ya yi sati uku ya dawo. Maganin na sa shi nauyin jiki da rawar hannu, don haka baya iya riƙe walda yanzu, fenti yake yi da goge ƙarfe, kuma shi ke duba aikin yara kafin ya fita daga shago.

Efo mun haɗu sau biyu bayan nan, ya zo har shago ya gaida Yaya, suka zauna kan benci ɗaya suna shan shayi ba mai cewa komai. Na taɓa tambayar Yaya ko ya yafe min, yace in bari tukuna, ban sake tambaya ba. Zoben yana wajensa, ya ƙi bari a zubar, yana cikin akwatin kayan fentinsa a naɗe cikin tsumma. Watan jiya wani dattijo ya zo shago daga wata unguwa, ya jira yara suka matsa sannan ya rage murya yace yana son sarƙa mai ƙarfi da zobe, wai na saniya. Kafin in buɗe baki Yaya ya ajiye burushi, ya jawo masa benci yace Baba zauna, shekararsa nawa?